Turancin da na yi a gaban Inna

A gidanmu ba a faɗin wahala. Ko kana kan gargara aka tambaye ka jiki, "da sauƙi" za ka ce. Shi ya sa a sakandare a Gummi, ranar da malamin Turanci ya sa mu maimaita yadda mutum zai ce yana fama da matsala, dariya muka yi ta yi. Wa za ka gaya wa?

Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukanmu na wajen Anka, ina da aure, ina goyon 'yar fari. Maza na niƙa duwatsun zinari a tsakar gida, yara na rarrafe cikin garin dutsen. Yarinyar ta daina cin abinci. Ni kuwa kunyar 'yar fari ta hana ni ko kallonta sosai a gaban surukata, wadda muke kira Inna. Tsoro kamar ya kashe ni, amma bakina gum.

Da Inna muka kai ta asibiti. Layi har waje, gadaje kaɗan, wanda jikinsa ya tsananta kawai ake kwantarwa. Likitar Baturiya ce. Ta tambaya, tafinta ya juya.

"Lahiya lau take, da sauƙi," in ji Inna.

Na ga likitar ta miƙa hannu za ta kira na bayanmu. Sai na tuna Inna ba ta jin Turanci. Na buɗe baki da jimlar nan ta aji, ta fito daidai, sauran suka biyo a karkace: ba ta ci, ba ta barci, wuyanta na sanƙarewa. Abin da ba zan iya faɗa da Hausa a gabanta ba, na zazzage shi tas.

Aka ba mu gado. Inna ta zauna a gefe tana harara ta, na ce yau na shiga uku. Can ta matso.

"Mi kic ce mata?"

Na sunkuyar da kai.

"To, koma ki ƙara mata. Shekaranjiya kina rijiya ɗiyag ga ta shiɗe a hannuna, ban hwaɗi ma kowa ba. Hwaɗi mata da yaren nan naku."

Na koma na faɗa. Yarinyar yanzu ta fi ni tsawo.