Layukan da na goge daga littafin Malam

Shekarun baya, farkon shigowar shari'a, ina aiki a wani shagon kwamfuta a Dutse sai Hajiya, matar malaminmu na lissafi, ta aiko kirana Jahun. Kwana arba'in ke nan da rasuwarsa. Ta miƙo min faifan kwamfuta guda uku a ƙulle cikin ɗankwali.

"Littafinsa ne na lissafi da Hausa," in ji ta. "Masu ɗab'i a Kano sun ce ba su gane kansa ba."

Da na buɗe sai na ga dalili. Malam ya yi amfani da tsarin da masana lissafi ke shirya littafi da shi, inda ake cakuɗa rubutu da alamomin umarni. Masu ɗab'in kuwa zallan rubutu suke so. A lokacin ji nake duk Jigawa babu wanda ya kai ni. Na samo wata manhaja mai tsince irin waɗannan alamomi, na ɗora ɗan shirina a kanta. Cikin minti kaɗan faifai na farko ya fito fes. Don tsabar yarda da kai, na adana sabon a kan na asalin.

Sai a na biyu na tsaya karantawa. Ashe a tsarin nan, duk layin da ya fara da alamar kaso cikin ɗari (%) ba ya fita a littafi, marubuci ke barin wa kansa. Manhajar kuma shara ta ɗauke su, ta goge.

Wani layin ya ce: "Hajiya ce ta gyara misalin nan, ta ce akuya ba ta haifar bakwai." Wani kuma: "Yau ciwon ya hana ni zama. Allah ka ara min kwana in gama babin nan."

 Layukan faifan farko sun tafi, babu kwafi ko'ina.

Na buga ragowar layukan a takarda, na hau motar Jahun, na durƙusa na faɗa mata gaskiya.

"Karanto min waɗanda suka saura," ta ce.

Ta yi dariya a wajen akuya, daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska. Da na kai ƙarshe na ce, "Hajiya, a yafe min."

"Tashi, ɗana. Wanda Allah ya nufa in ji, na ji."

An buga littafin, yara sun yi karatu da shi. Tun daga ranar ban sake taɓa aikin wani ba sai na yi kwafi, na kuma karanta. Ita ta yafe tun a zaune. Ni ne dai har yau, in na wuce Jahun, nakan tambayi kaina me Malam ya ce mata a faifan farko.