Tsamiyar Gidanmu Ba Ta Da Laifi

Ranar Talata na zauna a gaban wata likitar ƙwaƙwalwa da na girmi ubanta, na kai mata ƙarar dangina. Tun ina saurayi suka sare tsamiyar gidanmu a Mafoni, wai aljaninta ne ke hawa kaina.

Gaskiya ina da hali. In abin ya motsa ba na barci. Na taɓa tara dillalai a Kasuwar Shanu ina koya musu tarihin Turai, shanu ne kaɗai suka tsaya har ƙarshe. In ya lafa kuma, ko ƙofar gida ba na leƙawa.

Ta ce sunan cutar bipolar. Sai ta tambaye ni, "Baba, yaya ƙuruciyarka?"

"Lafiya lau. Da mahaifiyata ta rasu, in na yi kuka kawuna kan kulle ni a ɗakin busasshen kifinsa sai na yi shiru. Tarbiyya ce."

"Wannan ne lafiya lau ɗin?"

"To ai ina cin kifin, 'yata."

Ta yi dariya, sannan ta daina. Ta ce akwai gado a cutar, amma irin wannan firgici a ƙuruciya kan ƙara haɗarinta. Kuma tana da magani.

Wato kawu ya mutu da mutuncinsa, har jikoki ake sa wa sunansa, bishiya aka hukunta.

Ku a gidanku wa aka ɗora wa laifin? Ni dai na rasa aikin koyarwa, na rasa matata, ga tsakar gida babu inuwa.