Sunayen Matafiyan da Na Tura Zaure

A shekarun da Libiya ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka, ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina shara da kula da na'urori a wani shagon intanet a Gurda, cikin Sabha. Ban yi boko ina yaro ba. A can na koyi karatu, wurin wani ɗan kasuwa Bakano da ke tara mu bayan la'asar, kuma har yau da yatsa nake bin layi. Mai shagon, wani Balarabe, ya ga ina da haƙurin zama, sai ya riƙa nuna mini yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni ta bi.

Mutanenmu suna yawan ratsawa ta Sabha za su arewa, iyalansu kuma sukan bugo wayar shago suna tambayar ko wane ya iso. Sai na haɗa wata 'yar manhaja ta rajista: sunan mutum, garinsu, gidan da ya sauka, da ko yana da iƙama, wato takardar izinin zama, saboda masu ba da aiki suna tambaya. Yawancinsu ba su da ita. Ni ma tawa ta daɗe da ƙarewa.

Don in ƙaru, na shiga wani zauren intanet na Hausawa masu rubuta manhaja, galibinsu 'yan jami'a. Akwai wani gwani a ciki da kowa ke shakka. A gabana ya bi wata malamar makaranta da ba'a har ta daina shigowa, ban ce uffan ba, sauran ma haka. Da ya juyo kaina, yana kirana baba ɗan yaƙi da jahilci, yana cewa in koma wa tsintsiyata, sai na ɗauka haƙuri zai gajiyar da shi. Ban taɓa kai ƙara wurin mai kula da zauren ba.

Wata rana manhajar ta rikice, in na nemi mutanen Tawa sai ta fito da na Agadas. Na nemi taimako, aka ce in turo aikin a duba. Na tura shi ɗungurungum, da sunayen a ciki. Ban san cewa masu wannan sana'a sukan cire sunayen gaske su zuba na ƙarya kafin su nuna wa kowa ba. Gwanin ne ya gyara mini, a layi ɗaya, ya haɗa da dariyarsa. Bayan mako guda ya taɓa malamina, ya ce wanda ya koya mini karatu ya cuci kwamfuta. Nan haƙurina ya ƙare. Na rubuta masa a gaban kowa cewa na yi sa'an mahaifinsa, kuma da alama ba a koya masa ladabi a gida ba.

Amsarsa gajera ce. Ya liƙo sunaye uku daga rajistata, da gidajensu a unguwar Sukra, ya rubuta a ƙasa: “Baba, sauran ma suna wurina. Ka san hukumar can ma tana karɓar wasiƙa?”

Sau huɗu na karanta, ina fatan karatuna ne ya gaza. Na ba shi haƙuri, bai amsa ba. Na rubuta wa mai kula da zauren, sai bayan kwana biyu ya goge abin da na tura, ya kori gwanin, ya ce mini abin da mutum ya riga ya sauke a kwamfutarsa ba mai iya ƙwato shi. Korar ta ƙara mini tsoro, don da ina ganin motsinsa, yanzu kuwa ban san abin da yake ƙullawa ba. Duk motar 'yan sanda da ta rage gudu a ƙofar shago, sai in leƙa in ga ko ni aka zo kamawa. Abinci ya daina shiga.

Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ina faɗa musu abin da na yi. Wasu suka zage ni, wasu suka naɗe tabarma suka sauya masauki ba tare da sun dube ni ba. Akwai wani mutumin Maradi mai aiki a gonar dabino a garin Ghuddwa, yana jiran a gama girbi ya tafi tare da ayarin da ya sani. Ya saurare ni har na gama, ya ce Allah ya kyauta, Malam, ba da gangan ka yi ba. Washegari ya hau motar wani direba da ba wanda ya san shi. 'Yan sanda ba su taɓa zuwa ba. Wataƙila gwanin bai tura komai ba, tsoratarwa ce kawai irin ta mai son a ji shi. Amma mutumin Maradi ban sake jin labarinsa ba, kuma matarsa ta yi wata biyar tana bugo wayar shago, ni nake ɗauka.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan gwanin, kuma yana da nasa. Amma ni na tura amanar mutane inda ban san masu karantawa ba. Ni na yi shiru lokacin da ake korar malamar, har mutumin ya gane ba mai tsawata masa. Kuma da na tashi magana, zagi na rama maimakon in kai ƙara tun farko. Masu shiga irin waɗannan zauruka, ku kai ƙarar mai cin zarafi tun yana kan wani, kafin ya iso kanku. Kafin ku nuna aikinku, ku buɗe ku duba ko akwai sunan wani a ciki. Wanda kuke faɗa da shi yana iya kashe kwamfutarsa ya manta da ku, mai sunan kuwa shi zai ɗauki jakarsa ya shiga sahara.