Atilin Malam Ya Je Doha

Ni ban iya rubutu ba. Ina faɗa, 'yata Talatu tana sawa a takarda, in kuka ya zo mu dakata.

Mangu zuwa Abuja

Bayan sallar asuba muka fito. Kafin in shiga mota na tsaya gindin atilin da mijina Malam ya shuka, na gaya wa Malam zan kai wa Haruna 'ya'yan bana. Malam ya rasu shekarar korona, hanyoyi a rufe. Haruna, ɗanmu na fari, yana Doha yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki, bai samu jana'iza ba. Tun ranar, in na ambaci babansa a waya sai ya ce layi ba kyau. Lokacin gasar ƙwallon duniya aka sassauta shiga, ya aiko mini tikiti. Ni ba ƙwallo ta kai ni ba. So nake in ji ɗana ya yi maganar ubansa.

A shingen Akwanga soja ya leƙa jakata, ya yi dariya. "Mama, atili har ƙasar Larabawa?"

Cikin jirgi

Gajimare a ƙarƙashinmu kamar auduga a shanya. Na yi gyangyaɗi, na ga Malam a bisa itace yana karkaɗa reshe, atili na zuba a fiffiken jirgi kamar ƙanƙara. Da muka sauka, jami'i ya shinshina jakar, ya tambaya ko zaitun ne. Haruna ya yi masa bayani ta waya, jami'in ya ce yalla, wato in wuce.

Al Wukair

Gidajen unguwar su Haruna duk kama ɗaya, iskar ɗaki kamar ta Jos. Matarsa Rakiya 'yar zangon Kumasi ce, ba ta taɓa ganin atili ba. Don ta hutar da ni, ta ɗora shi duka a wuta har ya tafasa. Atili kuwa ruwan ɗumi yake so, in ya ji tafasa sai ya ƙandare. Na taɓa na ji kamar tsakuwa. Na zauna a ƙasa ina kuka, ita ma tana kuka, tana cewa in yafe mata.

Haruna ya dawo daga aiki, ya daɗe yana kallon tukunyar. Ya fita, ya dawo da duwatsu biyu daga wurin gini. Ya kankare atili guda, ya fasa ƙwallon, ya zaro ƙwayar mai maiƙo ya ba matarsa, ya fasa wani ya ba ni.

"Haka Baba yake fasa mini," ya ce. "A tsaye yake kafa shi, ba a kwance ba."

Ya tambaye ni wa ya yi wa babansa wanka, ina aka kwantar da shi, ko ya kira sunansa. Na gaya masa ya kira, har ranar ƙarshe. A waje ana ihun an ci ƙwallo, mu muna fasa atili har tukunyar ta ƙare.

Gida

Na iso Mangu da la'asar. Ban shiga ɗaki ba sai da na je gindin itacen na ce wa Malam saƙo ya isa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Rakiya da ta tafasa ruwan nan.