Ranar da Inna ta ce ƙanena ya bar ƙwallo

Ƙarar faɗuwar kofin silba daga hannun Inna ce ta fara komai, kuma har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da abin da ya biyo baya ba.

Ƙanena ɗan ƙwallo ne, a gefen dama yake bugawa. Daga filin firamarenmu a Funtua ya fara, babu ko takalmi, ya je kulob ɗin jiha, daga nan wani kulob a Turai ya ɗauke shi. Duk shekarun nan mahaifiyarmu ba ta taɓa kallon wasansa ba, addu'a kawai take bin sa da ita. Sai ranar da ya fara saka rigar ƙasa na lallaɓa ta ta zauna gaban talabijin a ɗakina.

Can ta hango shi a bakin layi shi kaɗai, yana ɗaga hannu, sauran sun taru a tsakiya. Nan kofin ya suɓuce.

"Ke, me ya yi musu suka ware shi? Don sun ga maraya ne?"

Na ce, "Inna, nan ne wurin aikinsa." Ko saurarona ba ta yi ba. Washegari ta sa aka kira shi, ta ce ya dawo, gonar mahaifinsa a Gozaki ba ta ƙi shi ba.

Abin da ya ce kawai shi ne, "To, Inna."

Na ɗauka lallashi ne. Da hutu ya zo sai ga shi da akwatunansa gaba ɗaya. Mutumin da dubbai ke kiran sunansa ya ɗauki fartanya ya shiga masara, bai taɓa ɗaure mata fuska ba. Kulob suna ta kira, yana ce musu su ƙara masa kwana. Ni ce na kasa cin abinci.

Wata la'asar na roƙe shi ya je ya buga da samarin unguwa, na shimfiɗa wa Inna tabarma dab da layi. Ya tsaya a gefensa kamar kullum, amma a nan ta ga abin da talabijin bai nuna mata ba: mutum biyu sun maƙale masa, na uku yana ihu, "Kar ku bar shi ya juya!" Ƙwallo na zuwa ya zille musu, ya wuce ta gabanmu har mayafin Inna ya kaɗa, ya bugo ƙwallon zuwa tsakiya, wani ya sa kai ta shige raga.

Inna ta gyara mayafinta. Sannan ta ce, "Ashe tsoronsa ake." Ta yafito shi, ya durƙusa yana haki, ta dafa kansa. "Koma bakin aikinka. Allah ya yi maka albarka."

Ya ƙara shekaru yana buga wa ƙasa, amma ban taɓa ganin girmansa kamar ranar da ya ce "to" ba. Na kuma koyi cewa uwa in ta tsorata, gardama ba ta kwantar mata da hankali, sai an nuna mata ta gani da idonta.

A hanyarmu ta komawa gida daga filin a wannan la'asar, 'yata, mai shekara shida a lokacin, ta tambaye ni ko da Kaka ta ƙi, da gaske Kawu zai zauna. Na ce ƙwarai.

Ta yi ɗan tunani, ta ce, "Umma, shi ya sa ba sa iya kamo shi. Addu'ar Kaka ce take tura shi."