Gem ɗin Yaya Sabi'u ta Bayan Katanga

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, a farkon daminar shekarar da na shiga aji uku na firamare. Inna ta aike ni sayo daddawa, ina dawowa na tarar da babbar mota, irin wadda 'yan Damagaram ke kira kamiyo, ta toshe ƙofar gidanmu, ƙarti huɗu suna sauko da wani akwatin katako daga saman buhunan kanwa. Ya fi Baba tsawo, an naɗe shi da tabarma an ɗaure da igiyar raƙumi. Yayana Sabi'u, wanda a lokacin bai wuce shekara sha biyar ba, sai zagaya su yake yana cewa, "A hankali don Allah, gilashi ne a gaban!" Wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce Alhaji ya sayo firji, Baba ya ce mata ba firji ba ne, gem ne, na'urar wasa. Aka shigar da shi shagon da ke manne da zaurenmu. Na bi su da ƙullin daddawa a hannu, ina daf da shiga Baba ya ɗora tafinsa a kaina ya juya ni kamar murfin kwalba, ya ce, "Ke kuma ciki." Abin da na gani ke nan a ranar, tabarma da igiya.

Baba fataucin kanwa da dabino yake yi tsakanin Damagaram da Maigatari, a can ya tsinci akwatin a wani tsohon otal, ana shirin jefar da shi. Akwatin ya girmi Yaya nesa ba kusa ba. Cikin mako guda shagon ya zama matattarar samarin unguwa, daga an tashi makaranta sai an kira magariba. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce mace ba ta shiga, ba a ma bukatar a faɗa. Wuri ne da maza suka cika, shi ke nan an gama magana. Ban yi kuka ba, haushi na ji, har yau ma ina ji.

Sai dai akwai abin da Baba bai lura da shi ba. Bayan shagon shi ne katangar madafarmu, ta ƙasa ce, kuma a gindinta duk aikina yake. A nan nake wanke-wanke da toka da soso, a nan nake tsince shinkafa, a nan nake korar kaji daga shanyar gero idan Inna ta gama surfe. Akwatin kuwa sun jingina shi da katangar ta ɗaya ɓangaren. Don haka ni da kunne na koyi gem ɗin, kuma na fi yawancin waɗanda suka sa shi a gaba saninsa.

Akwai wani sauti mai kauri da ke ƙarƙashin komai, dum, dum, dum, yana farawa a hankali kamar tafiyar raƙumi, yana ƙara sauri har ya koma gudun jaki. Wannan ba a kunne kawai ake jin sa ba. Idan na jingina bayana da katangar, a haƙarƙarina yake bugawa, ruwan randa ma har rawa yake yi. Akwai ƙarar harbi, siririya, tsiw. Sannan akwai ƙarar faɗuwa, idan an cinye mutum: wata doguwar ƙara ce mai gangarowa daga sama zuwa ƙasa, kafin ta kai ƙarshe sai ta tsage, kamar tela ya yaga sabon yadi. Da safe gajeriya ce. Bayan azahar, idan shagon ya ɗauki zafi, sai ta yi tsawo ta yi kasala. Ina iya faɗin lokaci da ita.

Kowa da irin hannunsa. Akwai masu harbi babu tsayawa kamar ana suyar gurguru, waɗannan ba sa daɗewa. Yaya Sabi'u kuwa kullum da abu ɗaya yake buɗe wasa: harbi uku, ya ɗan dakata, harbi biyu. Da na ji haka sai in ce, "Inna, Yaya ya karɓa." Ita kuma ta ce, "Yaron da aka aika ban ruwan awaki?" Amma sai ta rage ƙarfin daka. Ya kan kai inda dum-dum ɗin ke haɗewa ya zama abu guda, wurin da babu wanda ke kaiwa sai shi, samari su ɗauki ihu. Idan ya shigo cin tuwo in ce masa ya faɗi sau biyu kafin ya haye, ya buɗe baki ya ce, "Zulai, ke mayya ce? Ta ina kika leƙa?" In ce ta hancinsa. Ya ɗauke mini nama daga kwano.

A makaranta, lokacin tara, 'yan ajinmu na gaɗa ko carafke a ƙarƙashin darbejiya, ni kuma ina koya musu tafi da kiɗan dum-dum, a fara a hankali a ƙare da gudu, wadda hannunta ya sarƙe ta fita. Da hutun damina a kan kai mu gonar kakarmu a wajen Sule Tankarkar. Muna cirar ciyawa cikin riɗi, Yaya a kunyarsa ni a tawa, sai in yi masa ƙarar faɗuwa da baki in ya yi tuntuɓe. Ya ce ban iya tsagewar ba, ya yi mini tasa, ni ma in ce bai iya ba. Gaskiyar magana babu bakin da ya iya ta.

Ina aji shida Yaya ya bi wata mota zuwa Agadas, wai daga nan zai wuce Libiya neman aiki kamar sauran samari. Ya kira sau biyu da wayar wani. Daga nan shiru. Ba a zo mana da labarin rasuwa ba, ba a yi zaman makoki ba, ba a kuma ce yana raye ba. Baba ya je har Agadas ya dawo da rama. Inna ta ci gaba da zuba tuwonsa a kwanonsa, da safe ta ɗumama ta ba mu. Hotonsa ɗaya ne a gidan, na 'yan ajinsu gaba ɗaya, fuskarsa ba ta fi ƙwayar wake ba.

Wata Juma'a, kusan shekara da tafiyarsa, an kawo wutar lantarki da safe aka jona akwatin, aka ɗauke, aka manta ba a kashe shi ba. Duk mazan unguwa suka tafi masallaci, Baba ya sa wa ƙofar shagon ta waje kwaɗo. Ni da Inna kaɗai ne a gidan, tana tankaɗe ina wanke tukunya, unguwa ta yi tsit har ana jiyo huɗuba daga nesa. Sai aka maido da wuta. Katanga ta ce dum. Ta sake cewa dum. Sannan harbi uku, aka dakata, harbi biyu.

Rariya ta suɓuce daga hannun Inna. Ba ta dube ni ba, katangar take kallo. Wasan ya ɗan yi gaba kaɗan, sai ƙarar faɗuwa ta gangaro ta tsage, a wurin da Yaya bai taɓa faɗuwa ba. Aka yi shiru. Aka sake farawa, uku, dakatawa, biyu, aka sake faɗuwa a daidai wurin nan. Inna ba ta fita ko zaure, ba ta taɓa taka shagon ba. Da murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Zulai, je ki gano mini."

Akwai wata ƙaramar ƙofa daga zaure zuwa shagon, da sakata kawai ake rufe ta. Shekara huɗu ina wuce ta. Na zare sakatar hannuna duk toka. Ɗakin duhu, sai warin ƙura da zufar maza, sai hasken gilashin a kan bencin da babu kowa. Wani ɗan jirgi ne a ƙasan gilashin yana kai da kawo shi kaɗai, sandar da ake riƙewa a tuƙa shi tana tsaye ba ta motsi. Ya yi harbi uku, ya tsaya, ya yi biyu. Ranar na fara ganin gem ɗin da idona, ban ma ga kyansa ba, ƙaramin abu ne, launinsa ya koɗe. Na tsaya har ya faɗi sau biyu, don ban san abin da zan koma in ce ba. Da na koma Inna na tsaye ta yafa mayafi, kamar mai shirin tarar baƙo. Na ce, "Babu kowa, Inna. Shi kaɗai yake yi." Ta cire mayafin ta ninke, ta tsugunna tana kwashe garin da ya zube.

Daga baya Baba ya yi mana bayani. Idan babu mai wasa, akwatin kan yi wasa da kansa don ya jawo mutane, kullum iri ɗaya. Ashe a wurinsa Yaya ya koyi buɗe wasa, ya zauna ya kalla har ya haddace. Bayanin bai kwantar mini da hankali ba, sai ma ya ƙara mini wani abin. Duk ranakun da na ji uku da biyu na ce Yaya ya karɓa, sannan na ji an faɗi da wuri na ce yau hannunsa ba daɗi, nawa ne shi, nawa ne akwatin? Ban sani ba. Baba ya cire wayar wutar akwatin a ranar, bai sake jona ta ba. Gara ta cinye katakon, 'yan gwangwan suka tafi da kayan cikin.

Yanzu ina aiki a wani kemis a Gumel. Bara na kai wayata gyara wurin Malam Ado, dattijo ne da ya fara da gyaran rediyo kafin ya koma waya, na ga irin jirgin nan a allon kwamfutarsa. Ya ce ai duk tsofaffin gem ɗin nan an kwaikwaye su, ana sa su a waya. Na ce ya sa mini yanzu-yanzu. Hoton shi ne, ban damu da shi ba. Na kara wayar a kunne, ko minti ɗaya ban yi ba na ce masa wannan ƙarya ce. Dum-dum ɗin kamar ana ƙwanƙwasa gwangwanin madara, ƙarar faɗuwa kuma ta sauka sumul, babu tsagewa. Ya sauko mini da wani kwaikwayon, na ce ya yi gajarta. Ya sauko da na uku, na ce wannan ya yi kusa, kuma shi ya fi ba ni haushi.

Ya cire tabarau ya ce, "'Yata, ki zauna, kin fiye gaggawa." Ya ce hoton lissafi ne, ana kwafe shi daidai babu ragi. Amma sautin irin waɗannan tsofaffin akwatuna daga wasu ƙananan kayan wuta yake fita, suna tsufa, zafi na sauya su, babu akwati biyu da ke kuka iri ɗaya. Masu kwaikwayon wani akwati suka samu a ƙasarsu suka auna, wasu ma naɗar ƙarar kawai suka yi suka liƙa. Tsagewar da nake nema wataƙila lasifikar ce ta yage tun a Damagaram. Sannan ya ce, "Ke fa ba gem ɗin kika ji ba. Kin ji gem, da katako, da zafin Maigatari, da katangar gidanku. Wa zai kwafo miki katanga?" Na ce ni ban zo wa'azi ba.

Ban haƙura ba. Na sa ya haɗa mini tsohuwar lasifikar rediyo a cikin akwatin katako, na hau mota da ita zuwa Maigatari. Shagon ya zama ma'ajiyar riɗi, katangar kuma an rushe ta an yi ta bulo. Na ajiye lasifikar a bayanta bayan azahar, na bar gem ɗin yana wasa da kansa, na zagayo da gudu in ga fuskar Inna. Tana zaune tana tsinke zogale. Ko kai ba ta ɗaga ba. Can ta ce, "Wayar wa ke kuka haka kamar sauro? A kashe mana." Ban gaya mata ko mene ne ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne wanda ya biyo baya. Na yi wata uku ina sauraron na wayar, ina cewa nan ya kuskure, can ya kuskure. Wata safiya ina sharar kemis na ji kaina ina yin ƙarar faɗuwa da baki, kuma ta wayar ce, sumul. Na tsaya da tsintsiya na nemi ta gaskiyar. Na san tana tsagewa, amma na kasa tuna ko a tsakiya ne ko daf da ƙarshe. Muryar Yaya ta riga ta tafi daga kunnena tuntuni, ban san ranar da ta tafi ba. Wannan kuwa ina kallo, da hannuna na goge ta, garin gwada ta da wata. Na cire gem ɗin daga wayar a take. Malam Ado ya aiko cewa an fitar da sabon kwaikwayo da ya fi na baya daidai, na ce ya riƙe abinsa.

A da, abu kan tsufa ya lalace a jefar, wanda ya ji shi ya riƙe abin da ya ji. Yanzu babu abin da ake bari ya ɓace, komai na nan a waya, sabo fil, ya yi kama da naka har ya ture shi ya zauna a wurinsa. Ɗan abin da ya rage mini ba na taɓa shi, ba na rera shi, ba na gwada shi da komai. Wani lokaci, da zafin rana, shi yake zuwa da kansa.