Koren Ruwa a Bakin Kwalbati

Daga ƙofar shagonsa tela yake kallon matar. Gajera ce, ta kifa hular kwano a kan ɗankwali, takalmin roba har gwiwa. Tana tsugune a bakin tsohuwar kwalbatin da masu haƙar ma'adinai suka bari. Abokin aikinta ya zuba koren launi a cikin magudanar ruwa ta can sama. Idan bai ɓullo ta nan ba, to magudanar ta fashe, ruwa yana cin ƙarƙashin layin, har da shagon.

Ko ƙifta ido ba ta yi. Tela yana raya wa ransa, mai irin wannan zama ta taɓa ganin ɗaki ya rufta, wataƙila ma nasu.

"Baiwar Allah, in kawo miki kujera?"

"Bar ni, Baba, kar ya wuce ban gani ba."

Sai ga ruwan yana malalowa, kore shar. Ta daka tsalle kamar ƙaramar yarinya.

"Ya fito! Baba, ƙasarka tana nan daram!"

Tela ya dubi keken ɗinkinsa da ya ɗaure tun safe don kwashewa, ya sunkuya yana kwance igiya.